Kafaɗar Mai Kiɗan Polka

A bakin ofishin lauya, sai da Lorraine ta zagaya ta buɗe masa ƙofar mota, ta kwance masa bel, sannan Norbert Kulas ya fito yana gunaguni. Hannunsa na hagu na manne da haƙarƙari kamar wanda ya ɓoye kaza a hammata.

"Na zo ne don ke kike tuƙi," in ji shi. "Amma sa hannu kam, ba da ni ba."

"Shiga dai, Tsoho, sanyi zai cire mini kunne."

Shekara da shekaru Norbert ke yi wa mutanen garinsu kiɗan polka a zauren coci, can arewacin Wisconsin, duk Juma'ar da aka soya kifi. Abin kiɗansa akodiyon ne, ja mai nauyi, hannun hagu ke jansa yana matsawa. Yanzu yana ƙarƙashin gado cikin akwatinsa, tun kakar da aka yi masa allurar rigakafin mura.

A filin ajiye motocin cocin aka yi ta, kowa daga cikin motarsa. Sauran mutane sun cire rigar sanyi sun naɗe hannun riga. Norbert kuwa, da riga kan riga, ya ce shi ba zai tuɓe a gaban jama'a ba. Nas ta roƙe shi, ya ƙi. Ya ja wuyan rigar ƙasa, ya turo kan kafaɗa ta taga, motocin baya suna ta oda. Allura ta shiga sama da inda ya dace, cikin gaɓa. Washegari ko hula bai iya ɗorawa a kai ba.

An yi gashin ƙashi an gaji. Likita ya ce sai tiyata, inshora ta noƙe. Hanya ɗaya ta rage, neman diyya, ita ma wa'adinta shekara uku ne, kuma ƙarshen watan nan zai cika. In ya wuce, akodiyon ya zauna ƙarƙashin gado ke nan.

Lorraine ce ta matsa. Bara suka yi aure, bayan ya daɗe yana zaman gwauro, kuma tun kafin auren ita ke ɓalla masa maɓalli, ta miƙo masa kofi daga saman kantar kicin. In ya ja tsaki don zafi, ita ke riga shi runtse ido. Kullum kafin cin abinci tana saka kafaɗar nan a addu'a, shi kuma ya ce amin ya canza hira. Allah ya yi shi da taurin kai, amma ya haɗa masa da zuciya mai kyau.

Lauya Tessa Brandt yarinya ce mai fara'a, aikinta ke nan, shari'ar kafaɗun da allura ta ɓata. Ta tambayi ranar da abin ya faru. Norbert ya fara sosa ƙeya. Lorraine ta faɗi ranar, ta faɗi irin maganin, har da tsawon allurar.

"Kai, Mama," in ji lauyar, "da duk masu zuwa nan suna da irinki, ai da na huta."

Lorraine ta sunkuyar da kai tana gyara jakarta.

Norbert ya yi gyaran murya. "'Yata, bari in rage miki wahala. Baiwar Allahn nan da ta yi mini allura ba ta da laifi, ni na ƙi cire riga. Ba zan sa a tsayar da ita gaban alƙali, a karɓe mata lasisin aiki, don kawai tsofaffi su yi rawa bayan sun ci kifi ba."

Tessa ta ajiye biro tana dariya. "Baba, wa ya ce maka ita za a kai ƙara?"

Ta yi masa bayani a nutse. Kotu ce ta musamman a Washington. Kowace allurar rigakafi ana cire ɗan haraji a kanta a zuba a wani asusu, daga nan ake biyan irinsa. Gwamnati ce ke amsa ƙarar, kuma ba a neman mai laifi. Abin da ake so a gani kawai, allurar ce ta jawo ciwon, kuma ciwon ya daɗe.

"Ba wanda zai taɓa aikinta?"

"Ko ƙwarzane."

"Ba za a kira ta a yi mata tsawa ba?"

"Baba, ko wasiƙar faɗa ba za ta samu ba."

"Sau nawa na gaya maka haka?" in ji Lorraine.

"Ke ai ba lauya ba ce, Amarya."

Ya shiga murza yatsun hagu a kan gwiwa, kamar suna neman maɓallan akodiyon. Can ya jawo takardun da hannun dama ya sa hannu, a hankali, harshe a waje kamar ɗan aji ɗaya. Lorraine ta ce alhamdu lillahi ƙasa-ƙasa, ta goge ido.

"Saura abu ɗaya," in ji Tessa. "Takardar da aka ba ka ranar ba ta ce komai ba game da inda allurar ta shiga, sa hannun ma kamar tsutsa ta bi ta kai. Da za mu samu nas ɗin ta ba da shaida da bakinta, da shari'ar nan ta tafi salin alin. Ka san inda za a same ta?"

Norbert ya ɗaga kai yana kallon silin, ya fara feɗuwar wata tsohuwar polka, kunnuwansa sun yi jawur.

Lorraine ta jawo kujerarta kusa da tebur.

"Ɗauki bironki, 'yata. Ni ce na yi masa allurar. Yatsa biyu na haura sama da inda ya dace, kuma wallahi haƙuri kawai na je ba shi a gida, ban san zama zan yi ba."