Ƙafar Dattijo

Wani Baturen mishan ya ɗora hannu a bisa kan wani dattijo zai yi masa addu'a. Dattijon ya make hannun. A nan ƙasar Thailand, ko ɗan cikinka ba ya taɓa maka kai.

"Gobe ka bar mana ƙauye," in ji dattijon.

Washegari dattijon ya fito daga gonar shinkafa, laka har gwiwa, ya tarar da Baturen durƙushe da kwanon ruwa. Baturen ya kama ƙafarsa, wadda ko baran gida ke ƙyamar taɓawa, ya shiga wankewa.

"Tashi, mahaukaci! Ana kallo."

"Haka Ubangijina Yesu ya yi, Baba."

"Ubangiji? Da wankin ƙafa?"

Dattijon ya daɗe yana duban ƙeyar Baturen, sannan ya miƙa ɗayar ƙafar.

"Ƙarasa. Ka kuma faɗa min wane ne shi."