Mai Duba Idon Rago

Bari in ba ka misali, tunda kana da 'ya mace a gida. An yi wani makiyayi da ya san dabba kamar yunwar cikinsa. Ko a kasuwa, ba ya taya rago sai ya ja fatar idonsa ƙasa ya leƙa. In ja ce, akwai jini. In ta yi fari, ya ce dabbar na bukatar harawa da magani. Yana da 'ya budurwa, shekarunta sha biyar, ita ke ɗebo wa garken ruwa. Ran da aka yanka dabba, hanta tasa ce da baƙinsa, yarinya sai romo. Da aka raba wa ɗalibai mata ƙwayoyin ƙarin jini a makarantarsu, aka ce 'yan mata na asarar jini duk wata, ya karɓe nata ya watsa a masai, wai maganin hana haihuwa ne. Yarinya ta fara haki a hanyar rijiya, tana ajiye tulu sau uku kafin gida, tana ɓuya tana cin farar ƙasa. Ya ce son jiki ne, har ya yi mata gori gaban ƙawayenta cewa tunkiya mai ciki ta fi ta sauri.

Da damina zazzaɓi ya kwantar da ita, aka kai ta asibiti. Malamar asibiti ta sa yatsa ta ja fatar idon yarinyar ƙasa, daidai yadda yake yi wa rago. Fari fat, kamar ƙwaryar nono. Ta tambayi abin da take ci: zogale, alayyafo, wake, hanta? Ya sunkuyar da kai, domin waken da ya noma ma raguna ya dafa wa da dusa. Ta ce, "Baba, wannan ba ciwon jiya ba ne. Ba wanda ya taɓa duba idonta?" Aka shiga neman jinin da za a ƙara mata, kafin a samu ta cika. Masu ta'aziyya suna cewa kwana ne ya ƙare, yana amsawa da amin, amma ya kasa haɗa ido da uwarta.

Shi ya sa Hausawa suka ce, da na sani ƙeya ce, a baya take.