Giwar Hampi

A lambun Murabba, Sumayya ta miƙa wa Kamil wayarta ba ta dube shi ba. Hotonsa ne, lokacin da ya raka kafilinsa, maigidan da yake wa aiki, zuwa Indiya, a ɗakin bauta na kufan Hampi. Ya sunkuya, giwa ta ɗora masa hanci a ka.

"Abba ya gani. Ya ce ba zai ba mai rusuna wa dabba 'yarsa ba."

"Wallahi layi na gani na bi. Ban san tabarraki suke nema ba."

"To da ka sunkuya, me ke ranka?"

Ya daɗe yana kallon hoton. "Ke."

Ta rasa murmushi za ta yi ko istigfari. Ta gyara niƙabinta.

"Wannan kada Abba ya ji."