Ƙuri'ar Baban Tabita

A jihar Virginia a zamanin da, da baki ake zaɓe, gaban jama'a. Lauya Lemuel Haskett ya rasa kujerar majalisar jiha da ƙuri'a ɗaya, kuma da kunnensa ya ji baban Tabita, wadda yake neman aure, ya zaɓi abokin takararsa.

Ya je gidan don ya janye maganar aure cikin mutunci.

Tabita ta dube shi. "Ni na sa Baba."

"Ke? Korata kike yi?"

"Da ka ci, wata uku kana zaman majalisa a Richmond, sauran kana yawon kotuna kan doki. Da wa zan zauna, Lauya, littattafanka?"

Ya yi ta juya hularsa. "Wato... kin yarda ke nan?"

"Na yarda. Amma baɗi ma Baba zai je zaɓe."