Dogon da ya koyi waiwaye

To, tunda ka ce zuciyarka ta fara yi maka raɗa a kan abokin aikinka, gyara zama ka ji wani misali.

An yi wani dogon mutum ɗan wasan ƙwallon zari-ruga, irin waɗanda wasan ne sana'arsu, da shi suke ci, da shi suke sha. Tun yana saurayi wata ƙungiya a ƙasar waje ta ɗauke shi saboda tsawonsa, ya yi suna, har ya gina wa mahaifiyarsa gida. A wasan nan, in ƙwallo ta fita daga fili, sai ɓangarorin biyu su yi sahu suna fuskantar mai jifa, a wurgo ta sama ta tsakaninsu. Kafin a wurgo akan faɗi wata kalmar sirri, wadda 'yan gida ne kaɗai suka san wa take nufi. In dogon ake nufi sai ya daka tsalle, mutum biyu su cafe shi, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, su ɗaga shi kamar ana miƙa dami bakin rumbu, ya kamo ƙwallo, su sauke shi a hankali. Wanda ke can sama ba abin da ya dogara da shi sai hannun mutane. Mai ɗaga shi ta baya wani kakkaura ne marar yawan magana, sun shekara da shekaru tare. Shi ne ma ke naɗa masa bandeji a cinya kafin wasa, don hannu ya samu wurin kamawa.

Ana nan sai ƙungiyar ta ɗauko ƙanen kakkauran, shi ma dogo ne mai tsalle, aka ajiye shi a benci yana jiran gurbi. Ba a jima ba aka yi wasa cikin ruwan sama, hannun kakkauran ya ɗan zame, dogon ya sauko a karkace. Ko ƙwarzane bai yi ba, an kuma ba shi haƙuri, amma gogan naka ya ƙulla abin a ransa. Ya ce a zuci, duk shekarun nan hannun nan bai taɓa zamewa ba sai yau da ƙanensa ke neman rigata? Daga ranar nan komai ya zame masa alama. In kakkauran ya yi dariya da ƙanensa, da shi ake. In ya yi shiru, wani abu yake ƙullawa. In ya gaishe shi da fara'a, ai fara'ar ta yi yawa. Ya daina miƙa masa cinya, ya koma lungu yana naɗa bandejinsa da kansa. Tsoro ne ya cika shi, tsoron faɗuwa da tsoron rasa abinci, sai dai girman kai bai bar shi ya buɗe baki ya tambaya ba. Sai ya tsiri wata ɗabi'a da shi kansa bai san yana yi ba: duk lokacin da kalmar sirri ta faɗo a kansa, kafin ya yi tsalle sai ya ɗan waiwaya ya dubi hannun na bayansa. In ba shi za a jefa wa ba kuwa, ko motsi wuyansa ba ya yi.

Abokan hamayya ba barci suke ba, su ma abincinsu suke nema. Suka zauna suka kalli bidiyon wasanninsa, suka gano waiwayen nan. Da sun ga dogo ya karkata wuya sai su ɗaga nasu mutumin a gabansa, ya wafce ƙwallo. Aka sauya kalmar sirri, aka sake wafcewa. Aka kuma sauyawa, ba ta canja zane ba. Nan fa dogon ya ce magana ta fito, wa zai san sabuwar kalma in ba ɗan gida ba? Ya sami koci a ofis ya ce, "Akwai mai sayar da mu, kuma na san shi. Ko ni ko shi." Koci ya auna, ya zaɓi dogon, tunda shi ne mai suna. Kakkauran ya tattara takalmansa ya koma wata ƙaramar ƙungiya. Aka kawo baƙo ya tsaya a bayan dogon. To wanda bai yarda da hannun da ya sani ba, ina zai yarda da baƙon hannu? Waiwaye ya ƙaru, asara ta ƙaru. Da kakar wasa ta ƙare aka ce masa an gode, aka miƙa rigarsa ga ƙanen kakkauran.

Duk da haka bai saduda ba. Ya koma gida ya tara bidiyon wasannin, wai sai ya kama munafuki da hujja. Ya ƙura wa hannun kakkauran ido, wasa bayan wasa, bai ga komai ba sai hannu biyu riƙe da shi gam, da wuya mai jijiyoyi, da mutum yana cije baki don nauyinsa. Can idonsa ya ɗaga sama kaɗan, ya ga kansa yana waiwaye. Ya mayar baya, ya sake gani. Ya sa wani wasan, ga shi nan dai. Kunya ta rufe shi, ga aiki ya tafi, ga wanda zai ba haƙuri ya yi nisa.

Saboda haka kafin ka fara zargin wanda ke riƙe da kai, kira shi ku zauna ka tambaye shi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.