Tabon Ƙafar Dija

A bakin rijiya Bubakar ya ga tabon. Tsohuwa Dija ta ɗan tattare zani don kada ya jiƙe, sai ga shi a ƙasan idon sawunta, ruwan hanta, faɗin ƙwayar wake. Kafin ya ƙara dubawa ta saki zanin, ta ɗauki tulunta ta bi wata hanya.

Ya san wannan tabo fiye da yadda ya san fuskokin mutane. Shekara goma sha ɗaya ya yi a Turai, a ɗakin bincike marar taga, shi da ɓeraye. Aikinsu shi ne su ciro ƙwayar halitta ɗaya tak daga wata ƙwayar cuta, dangin wadda ke fito da ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi, su dasa wa ɓera tun bai zama ɓera ba. Bayan 'yan watanni sai tabo ya fito a wutsiya da kunne, jijiyoyin jini su cukurkuɗe su zama ƙari, daga fata ya shiga ciki. Ya ga ƙarshen ɗaruruwansu, don haka ya san abin da jira ke haifarwa.

Hutun sati biyu ya kawo shi Gidan Sori, kuma ya zo a lokacin da ba mai ta tasa. Sojoji sun ce za su miƙa mulki, motocin kamfe na zagaye da lasifika, kowa na lissafin wanda zai zaɓa. Mutanen gari sun laƙaba masa suna lokotoron kusu, wato likitan ɓera, su yi dariya su wuce. A zauren kawunsa Idi yake kwana. Kowace safiya akan kawo masa fura mai kauri a ƙwarya, ba a cewa daga ina, ya sha shi kaɗai.

Ya je ƙofar Dija ya yi sallama. Tana tsakar gida tana sussuka, ta juya masa baya, ta yi magana da maƙwabciyarta Suwaiba.

"Ki ce ma wancan shi tahi. Ƙahwata lahiya lau take."

Ya koma washegari, ya koma jibi. Ya yi wa bango bayani, ya ce idan aka kama abin da wuri akwai magani a Maradi, idan aka bari zai kai huhu. Tsohuwar ba ta ɗago kai ba ko sau ɗaya. Abin da ya fi yi masa zafi shi ne Suwaiba ta ga tabon, wanzami ya gani har ya tsaga, mai sayar da magani a kasuwa ma ya gani. Shi da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan cutar, shi aka hana. Kuma ba wanda abin ya ba mamaki a garin, shi ma bai ba shi ba. Baƙin ciki dai ya ji, irin wanda ya saba da shi.

Saura kwana biyu Bubakar ya tafi, Idi ya shiga wurinta ya daɗe. Da ya fito ya ce, "Ta yarda. Amma wani za shi duba ta, ba kai ba."

Suka shiga motar kasuwa, Bubakar a gaba, Dija can baya tsakanin buhunan wake. Suka kama hanyar Maradi.

A asibiti majo, babban ma'aikacin jinya, ya duba ƙafar a bayan labule, Bubakar na tsaye a waje kamar ɗan rakiyar da aka yi haya. Ya ji majo ya ce an zo a kan lokaci, sai a kwantar da ita. Sannan ya ji ƙarar takarda.

"Iya, wa ya kawo ki? Sai na rubuta sunanshi."

Bubakar ya samu kansa ya matso jikin labulen, mutum mai shekara arba'in da uku.

"Iya, suna kawai."

"Tambai shi, ga shi nan waje," in ji Dija. "Ina ni ina hwaɗin sunanshi? Ɗana na na hwari."