Tabon Kafaɗar Kyaftin

Ranar Litinin ce, ruwa ya kwana uku bai ɗauke ba. Ranar zaɓe ce kuma, a wani tsibiri na ƙasar Filifin. Wani hafsan soja da ya tuɓe kaki ya shiga takarar gwamna yana tsaye a bakin kogi, yana kallon inda gada take jiya. Ambaliya ta tafi da ita. Rumfar zaɓe tana wannan gaɓa, ƙauyen manoman shinkafa da yake sa ran ƙuri'unsu yana wancan. Cikin gari kuwa abokin takararsa ya riga ya cinye, don mai zaƙin baki ne. Shi hafsa in ya hau dandamali sai ya yi magana kamar mai karanta oda, jama'a su watse. Ya sani sarai, in mutanen ƙauyen nan ba su ƙetaro ba, ya faɗi.

Shekara ashirin kafin nan, yana kyaftin, an taɓa tura shi ƙauyen a irin wannan damina. Mutanen can ɗakunansu na gora ne, a kan dirkoki. In ruwa ya matso ba sa rushe ɗaki. Gayya suke yi, su zura dogayen sanduna a ƙarƙashinsa, su saɓa a kafaɗa, su kai shi tudu ɗungurungum. Kyaftin ya tarar ana ɗaukar ɗakin wani manomi, sai ya koma gefe ya busa usur, ya shiga ba da oda, hagu, dama, kamar a filin fareti. Rabin mutanen suka bi muryarsa, rabi suka bi ƙafarsu. Ɗaki ya karkace, tukwane suka zubo suka fashe. Mai ɗakin ya dube shi a gaban sojojinsa ya ce, "Ranka ya daɗe, a nan wanda bai sa kafaɗa ba, ba ya magana." Da ya so da ya sa an kama shi. Sai ya haɗiye fushi, ya cire hula da takalma, ya shiga ƙarƙashin sanda. Shi dogo ne, su gajeru, don haka nauyin kusurwar duk a kansa ya sauka, gora ta saɓule masa fata. Haka ya jure har tudu. Ɗaki tara suka kai ran nan. Aka zuba masa shinkafa da busasshen kifi a ganyen ayaba, ya ci a tsugune, ya tafi. Bai taɓa ambaton wannan a yaƙin neman zaɓe ba, don a wurinsa ranar kunya ce.

To, yana nan tsaye wajen tsakar rana sai ya hango su. Sun zagaya ta mashigi, ruwa iya ƙirji, katin zaɓe a ƙulle cikin leda a kan kowa. Tsofaffin da ba sa iya tafiya an ɗaure musu kujeru a kan sandunan gora, an saɓo su kamar yadda ake saɓa ɗaki. Na gaba shi ne manomin nan, ya tsufa, ido ya tafi. Da aka sauke shi ya ce a kawo masa ɗan takarar. Ya laluba kafaɗarsa ta hagu har yatsunsa suka sami tabon, ya juya ga mutanensa ya ce, "Shi ne. Ku shiga layi." Hafsa ya matsa gefe ya ba su hanya. Aka ƙirga, ya ci da ratar ƙuri'a ɗari da 'yan kai.

Washegari 'yan jam'iyya suna jiransa a gari da ganguna. Shi kuwa ya ji ruwa ya kai ƙofar ɗakunan ƙauyen, sai ya ƙetare kogi tun da sassafe. Ya tarar ana shirin ɗaukar wani ɗaki, ya ajiye takalma a gindin ayaba, bai ba kowa oda ba, ya nufi kusurwar da ta fi nauyi ya sa kafaɗa. Godiyar da ya iya ke nan.

Kai da kake so mutane su bi ka, riƙe wannan. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.